Ni na ba da sunan shaidan mijina

Assalamu alaikum admin da masu karatu. Don Allah a ɓoye sunana, kuma ku ji ni har ƙarshe kafin ku zage ni, don zagin da nake wa kaina ya ishe ni.

Mijina lauya ne, muna zaune Nassarawa a Birnin Kebbi. Ya daɗe yana shari'a da wasu kamfanoni biyu da ke zubar da ruwan dattinsu cikin gulbi ta wajen Gulma. Kifi ya riƙa tasowa matacce, shinkafar fadama ta ƙone, yara sunka cika asibitin Argungu da gudawa da ƙuraje. Kamfanonin sunka ce ba su ba ne, a kawo shaida. Ana haka wani direban tankarsu ya zo wa mijina a ɓoye, ya ce shi ke kai ruwan bakin gulbi, kuma zai faɗa gaban alƙali. Ranar mijina ya shigo gida yana murna kamar yaro, ya gaya min sunan mutumin, ya ce ko pilo kada ya ji.

Matsalar ita ce yayana, wanda ya riƙe ni tun rasuwar babanmu, ya kai ni makaranta, ya yi min kayan ɗaki, ma'aikaci ne a ɗaya daga kamfanonin. Na tafi Argungu gaida Inna, ya same ni a tsakar gida. Ya ce in anka rufe wurin shi da iyalinshi da Inna sun shiga uku, ya ce ya ji akwai wani na ciki da zai yi magana. "Ƙanwata, ba abin da za a yi mai, lallashi nai kawai za mu yi. Ko kin fi son ki gan ni ina yawon neman aiki da furfura?" Inna na kallona. Sai na faɗi sunan. Ba zan ce suɓutar baki ba ce. Na san abin da nake yi, ni ma na gaji da shari'ar, na gaji da kiran barazana da ake wa mijina, so nake komi ya ƙare.

Ba lallashi anka yi ba. Korar direban anka yi, anka laƙa mai satar mai, ya kwashe iyalinshi ya bar gari. Ranar zaman kotu mijina ya tsaya ba shaida, lauyoyin kamfani na murmushi. Da ya dawo bai ci abinci ba. Ya ce mutum biyu kaɗai ya gaya wa, ni da ƙaramin lauyan da ke aiki ƙarƙashinshi. "Ke kam ko a mafarki ba ni zarginki," in ji shi. Washegari ya sallami bawan Allah, ga matarshi da tsohon ciki. Ƙaramin lauyan ya zo har gida yana rantsuwa, ya ce, "Anti, ki sa baki, wallahi ban yi ba." Ni na ba shi ruwa ya sha. Wace irin mace ce ni?

Makon jiya wata mata daga Gulma ta zo da ɗiyarta, ƙafafun yarinyar duk gyambo, ta ce addu'a suke wa gidanmu kullum. Na shiga ɗaki na yi kuka har ta tafi. Na kira Yaya, ya ce in rufe bakina, in na tona ba shi ba ni, kuma in san abin da zan gaya wa Inna.

Mijina bai haƙura ba, yana ta neman direban, kuma har yanzu ni yake fara gaya wa duk inda ya kai. In na faɗa mai, ƙila aurena ya mutu, zumunci ya watse. In na yi shiru, mutumin da bai ji ba bai gani ba zai ci gaba da ɗaukar sunan maci amana. Don girman Allah ku ba ni shawara, mi zan yi?