Kada Ka Yi Godiya Tukuna

Zuwa ga sanyin idona, inuwar da nake fakewa idan rana ta take, ruwan randa a maƙoshin mai ƙishi, mijina kuma abokin faɗana,

Daga bencin ƙofar ɗakin masu haihuwa nake rubuto maka, takarda a kan gwiwata. Da na kira ka a waya ihu zan yi, kai kuma ka yi shirun nan naka na rijiya mai zurfi, wadda ake jefa dutse ba a jin saukarsa. To ga ni a rubuce, ka karanta ni a hankali.

Likita ya ce gobe da safe zai yi wa 'yarmu aiki ya ciro jaririn. Naƙuda ba ta ma fara ba. Jininta bai hau ba, ɗan yana motsi, kansa a ƙasa. Na tambayi dalili, ya dubi agogo ya ce, "Mama, ki bar mana aikinmu." Mai jegon da ke gadon kusa ta ce min, "Yaya, nan ko ciwon haƙori kika kawo, ki riƙe cikinki da kyau." Ɗakin ya ɗauki dariya, kowace na dafe da ɗinkinta. Surukinmu kuwa, yaron kirki, sai gyaɗa kai yake kamar ƙadangare.

Ka tuna, farin watana? A irin wannan benci ka zauna ranar da na haifi yarinyar nan. Naƙudata na tafiya daidai, aka ce ina jan lokaci, aka tura ni tiyata. Wuƙa ta wuce inda aka aike ta, ta taɓa mafitsara. Kai kuwa da likitan ya fito ka miƙe, ka kama hannunsa da hannu biyu, ka yi ta godiya har ka raka shi mota. Sai da wata likita ta gyara ni daga baya muka ji cewa aikin farko babu abin da ya kawo shi. Daga ita ban sake haihuwa ba. Na yafe maka komai a duniya, amma godiyar nan har yau tana tsaye a wuyana kamar ƙaya.

Kuma ta yaya zan ƙi ka? Wane ne ya wanke zanen gado kullum safiya lokacin da fitsari ke zubo min ba da sanina ba? Wane ne ya shanya shi a igiya, ya ce wa maƙwabta shayi ya zubar? Har matar mai gidan da muke haya ta ce, "Bawan Allah, ko dai a saya maka kofi mai murfi?" Ka yi dariya, ba ka taɓa ɗauke fuska daga gare ni ba. Kai ne damina a shekarar da na zama fako. Wa ya taɓa son mace haka?

Yanzu ga abin da ke cina. Ina tsoron wuƙarsu, ina kuma tsoron bakina. Na karanta littattafan da suka isa in yi zargi, ba su isa in yi hukunci ba. Idan fa wannan karon aikin gaskiya ne? Idan na tayar da ƙura aka fasa, jaririn ya galabaita a ciki, da wane ido zan dubi 'yata? Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu, kuma ni ban ƙara iya bambance macijin da tsumman ba. Ɗazu ta riƙe hannuna ta ce, "Umma, ke me kika gani?" Ni da ba a taɓa rufe min baki ba, sai na fito bencin nan na ɗauki takarda.

Ka zo yau, bangon da nake jingina. Ni in na yi magana, mahaukaciyar tsohuwa suke gani. Kai muryarka ruwan sanyi ce, ana saurarenta. Ka tsaya gaban likitan ka tambaye shi: me ya gani, me zai faru in an jira, wane likita ne kuma zai sake duba ta? In ya ba da dalilin da ya tsaya da ƙafarsa, ni da kaina zan tura gadon zuwa ƙofar tiyata, na yi maka alkawari. In ya dubi agogo, ka sake tambaya. Hannayenka su zauna a aljihu. Kada ka yi godiya tukuna, masoyina, har sai ta fito da ƙafafunta, ɗanta a kafaɗa. Ranar nan ni ma zan taya ka.

Taka da tabona da kaifin harshena, muddin ina numfashi,
matar da ta san ba shayi ba ne.