Malam Sani da Sabon Lauje

Daren Laraba, tsakiyar Azumi, Bakura

An idar da asham tun ɗazu, amma barci ya ƙi zuwa.

Da sassafe na je bakin gada ɗaukar 'yan ƙwadago, don shinkafar da na noma da ruwan madatsar Bakolori ta isa yanka. Mutum shida nake nema. Bara sai da lallashi na samu huɗu. Yau na tarar da taro kamar ranar kasuwa: 'yan cin rani da korona ta koro daga Kudu, da direbobin da aka hana hawa hanya, da masu dakon kasuwar Mafara.

Can baya na hango Malam Sani, mai koyar da 'ya'yana a makarantar kuɗi. Tun da aka rufe makarantu albashinsa ya tsaya. Sabon lauje ne a hannunsa.

Muka gaisa har da tambayar iyali. Ya ce, "Alhaji, ai ni ma na iya yanka."

Na yi dariya na ce, "Haba Malam, wane ni in sa ka duƙe a gonata!" Na zaɓi shida na wuce, wai ni na girmama shi.

Sai da aka sha ruwa, mai ɗakina ta miƙo mini kunu, na tuna Malam Sani ma yana da masu jiransa da buɗa-baki. Na ajiye kunun.

Kunyata na kare, ba mutuncinsa ba. Shi ya riga ya haɗiye tasa ranar da ya sayi laujen nan.

Gobe shi zan fara kira, in ya sake fitowa.