Makanikiyar Irek

Lahadi, 7 ga Afrilu

An buɗe kakar tseren babur ta bana, mun ci 51 da 39 a gida. Yayana Irek ya kawo maki goma sha biyu a fita tsere biyar. Shekara talatin da takwas, gwiwa cike da ƙusoshin asibiti, amma har yau babu mai riga shi barin layi idan an ɗaga igiyar fara tsere. Lasifika ta yi ta kiran sunansa. Ba a kira sunan wadda ta yi kwana uku a kan kulocin nan ba. Ba komai. Ni na san aikina, yayana ma ya sani. Ya dawo rumfar makanikai, ya cire hular kwano, fuska duk jar ƙasa, ya ce, "Ke Aldona, aljani kika sa a injin nan?" Shekara goma sha ɗaya ina riƙe masa sifana, iyakar yabonsa ke nan.

Litinin, 8 ga Afrilu

Mama ta yi miyar kabeji. Kamar kullum ba ta je fili ba, rediyo ta kunna ta juya masa baya. Ta ce, "Biyu na haifa. Ɗaya yana hawa babur marar birki, ɗayar tana ƙara masa gudu. Wa na yi wa laifi?" Ta ƙara wa Irek nama.

Lahadi, 12 ga Mayu

An ci mu a waje. Ƙasar filinsu tauri kamar siminti, na makara ban canja faifan sarƙa ba. Laifina.

Lahadi, 2 ga Yuni

Dole in rubuta wannan.

Fita ta tara, kwana ta farko. Tayar wani ta taɓa ta Irek, ya tafi da babur har katanga. Na jefar da sifana na ruga. Yana kwance, ido buɗe, abin da ya fara ce min: "Injin ya tsira?" Na zage shi a gaban likita. Ƙashin kafaɗa ne ya karye, mako biyar.

Injin ya tsira.

Alhamis, 13 ga Yuni

Pan Henryk, shugaban kulob (mu Pan muke ce wa Malam, Pani kuma Malama), ya zo gareji da takalminsa mai ƙyalli, yana tsallake mai. Wai makaniken Troels ya ajiye aiki ya koma gida. Troels shi ne ɗan Denmark da aka ɗauko bana, dogo, shiru-shiru, bai fi maki biyar yake kawowa ba. "Pani Aldona, tunda hannunki ba komai yanzu, ki taimaka masa na 'yan makonni." Na dubi Irek. Ya ɗaga kafaɗar da ke lafiya: "Je ki. Ko jaki kika ɗaure wa sarƙa zai fi haka gudu."

Lahadi, 23 ga Yuni

Troels: goma sha huɗu!

Ba wani sihiri. Na tsaya na kalli yadda yake shiga kwana, na ga babur ɗin yana faɗa da shi. Na sassauta kuloci, na rage haƙori ɗaya a faifan sarƙa na baya. Ba ya jin yarenmu sai gaisuwa da zagi, ni ma Turancina bai wuce na kwalin kayan gyara ba. Da hannu muke magana. Abin da ya ba ni mamaki, idan na nuna masa abu sai ya yi. Ba gardama. Ban saba ba.

Makaniken baƙi, wani mai tumbi, ya leƙo yana cewa, "Yarinya, ina maigidanki?" Na ce, "Yana gida yana wanke-wanke. Me ya lalace maka in gyara?" Rumfa ta ɗauki dariya.

Lahadi, 14 ga Yuli

Irek ya dawo. Maki tara da kafaɗa a ɗaure. Yanzu babura huɗu nake kula da su, biyu nasa biyu na Troels. A mota ya ce, "Na ga kin fi daɗewa a wajen dogon nan." Na ce agogo ka riƙe? Ya juya yana kallon taga.

Lahadi, 25 ga Agusta

Mun kai wasan ƙarshe, karo biyu za a yi, waje da gida, a haɗa maki. Wanda ya ci ya hau babban rukuni. Shekara goma sha tara rabon garin nan da shi.

Lahadi, 8 ga Satumba

Sun ci mu da maki shida a gidansu. Saura namu.

Litinin, 16 ga Satumba

Jiya ban iya riƙe biro ba.

Fili ya cika tun kafin a tashi daga coci. Har Mama ta zo, da mayafinta na Lahadi, ta zauna ta rufe ido da tafin hannu. Kafin fitar ƙarshe maki huɗu kawai muka rama daga cikin shidan. Sai namu biyu sun zo na ɗaya da na biyu, in ba haka ba mun zauna. Aka fitar da Irek da Troels. Ina ɗaure wa Irek takalmin ƙarfe, ya sunkuyo ya ce, "Babur ɗin dogon nan ya fi nawa gudu?" Na ce ya fi. Ya gyaɗa kai.

Aka ɗaga igiya, Irek ne a gaba. Na ga ya waiga, ya buɗe wa Troels hanya ta waje, yaron ya wuce. Shi kuma ya tsaya a tsakiya kamar ƙofar gida. Zagaye huɗu mutum biyu suna neman hanya, su shiga ciki ya rufe, su fita waje ya watsa musu ƙasa. Da kafaɗar nan. Ban taɓa ganin tuƙi irin wannan ba, kuma ba na jin zan ƙara gani.

49 da 41. Mun hau.

An ɗaga Irek sama ana jefawa. Yana can sama yana nuna ni da yatsa yana ihu, "Ita! Ku ɗauko ta!" Suka ɗauko ni, da baƙin mai da komai. Mama tana kuka tana gaya wa wanda ba ta sani ba, "Duka biyun nawa ne."

Laraba, 2 ga Oktoba

Pan Henryk ya kira Irek ofis, ya ba shi shayi da allon girmamawa. Babban rukuni yana son matasa, wai. Za su riƙe Troels, su sayo wasu uku.

Ya dawo ya jingina allon a bayan tayoyi. "Na kai su, ai shi ne aikin." Ban ga ya girgiza ba. Ni ce na fasa kofi.

Asabar, 12 ga Oktoba

Wani kulob a arewa yana son Irek, rukuni na biyu dai. Yana ta lissafin hanya: "Awa biyar ne, ke ki tuƙa zuwa, ni in tuƙa dawowa."

Ban gaya masa Troels ya zo ranar Talata ba. Ya zo da takarda, wani ya rubuta masa da yarenmu, ya karanta min da ƙyar kamar ɗan aji ɗaya. Yana so in zama babbar makanikiyarsa. Babban rukuni, da wasanni a Sweden da Denmark.

Na ce a'a. Ina jin na ce a'a.

Lahadi, 20 ga Oktoba

Ashe ya sani. Muna wanke kafireto, bai ɗago kai ba ya ce, "Dogon nan ya fara zuwa wurina kafin ke. Na ce masa ba ta cin kifi, ba ta son a taɓa mata akwatin kayan aiki, kuma idan ta yi shiru to ka yi kuskure." Na ce ban amsa masa ba. Ya ce, "To." Na ce wa zai duba maka kuloci a arewa? Ya ce, "Ni na koya miki, mara kunya."

Ƙarya ne, Baba ne ya koya mana duka. Na bar shi.

Ban yanke komai ba. Ɗazu dai na biya ta inda Troels ya ajiye motarsa, tef na cikin aljihu, na auna bayanta. Don in sani kawai.

Akwatina zai shiga, idan an cire kujera ɗaya.