A Mayar Mana Da Bindigoginmu Da Aka Ce Ajiya Ce

Zuwa ga Baturen da ya ba da umarnin karɓe bindigogin mutanen Tudun Wada.

Gaisuwa da ban girma, da fatan kana lafiya, kai da masu aiki a ƙarƙashinka. Bayan haka, ni ne Tanko maharbi, mazaunin Tudun Wada tun ana yanka filayen farko. Ban iya rubutu ba, wani malami ne ya rubuta mini wannan takarda. Na roƙe shi ya karanta ta a bakin kasuwa kafin a kawo maka, domin maganar ba tawa ba ce ni kaɗai.

Na farko. Bara da damina aka yi shela cewa ana jin ƙishin-ƙishin wasu mutane za su yi bore a wani gari mai nisa, saboda haka duk mai bindiga ya kai ta bariki kafin Juma'a. Tafintanka ya ce mana ajiya ce ta kwana arba'in. Ba wanda ya zo ya bincika ɗakina, ranka ya daɗe, da ƙafata na kai. Adaka ce, gadon mahaifina, kuma a gindinta akwai lambar da akawunka ya buga da hannunsa. Ina kallo aka jefa ta kan sauran a ƙasa kamar itacen girki. Na nemi takardar shaida, masinja ya yi dariya ya ce in matsa.

Na biyu. Boren nan ba a yi shi ba, har mutane sun manta da zancensa. Yau wata goma sha huɗu ke nan. Sau bakwai ina zuwa bariki. Ran nan a ce ka tafi rangadi, ran nan a ce mai mabuɗin sito ba ya nan. Zuwan ƙarshe akawu ya dube ni ya ce wace bindiga nake magana. Ranar, a kan hanyata ta komawa gida, ina jin ƙarar bindigogin Turawa suna harbin zabi a fadama.

Na uku, kuma shi ne abin da ya sa na kasa yin shiru. Bayan girbi, wata rana da hantsi, mahaukacin kare ya ɓullo daga wajen Gyallesu ya nufi rijiyar unguwarmu, mata suna ɗiban ruwa. Sunana suka yi ta kira, domin shekara da shekaru ni ake kira in irin wannan ta taso. Na faɗa ɗaki na kai hannu bango, sai na taɓa maratayi babu komai. Da taɓaryar matata na fito. Kafin in isa, maƙwabcina Malam Garba maɗinki ya riga ya shiga tsakanin karen da matan da 'yar sanda a hannu. Karen ya ciji Malam Garba a hannu da sha-raɓa kafin mu kashe shi. Daga ƙofata zuwa rijiyar nan taki talatin ne. Na sha kayar da gada daga inda ya fi haka nisa.

Raunin ya warke, muka yi ta godiya ga Allah. Bayan wata ɗaya da 'yan kwanaki ciwo ya tashi. Mutumin da bai taɓa ɗaga wa kowa murya ba, sai da mu huɗu muka danne shi. In ya ga ruwa a ƙwarya sai ya firgita. Kwana uku ya rasu, ni na yi masa wanka. Ya bar matarsa Ladi da 'ya'ya uku. Na san ajali ba ya wuce lokacinsa, amma na kuma san abin da hannuna zai yi da an bar mini kayana.

Na huɗu. Wanda ya yi niyyar ɓarna bai taɓa kai bindigarsa an buga mata lamba ba, balle ya kawo ta da aka yi shela. Mu da muka bi doka, mu kaɗai aka sani, mu kaɗai aka karɓe wa. In haka za a riƙa yi duk ranar da hukuma ta tsorata, wa zai sake yarda ya bayyana tasa?

Abin da nake roƙo, a buɗe siton nan a gaban mai unguwarmu, a ba kowa tasa. In kuwa an karya su ko an zubar, a faɗa mana gaskiya mu daina zirga-zirga. Nan gaba kada a karɓi bindigar mutum sai da laifin da aka tabbatar a kansa, kuma a ba shi takarda da ranar mayarwa.

Sannan ka aiko wani ya yi wa Ladi ta'aziyya. Har mutanen Tudun Jukun sun tako sun zo, amma daga bariki ba ta ga kowa ba.

Allah ya ba ka ikon yin adalci, ya sa ka gama da talakawa lafiya.

Wassalam.

Tanko maharbi,
Tudun Wada, Zariya.