Ranar da Kwanukana Suka Tafi Makaranta

Litinin, 6 ga Oktoba, 1975

Yau Afiniki ta kawo mini aikin lissafinta in gani. Huɗu a tara da ɗaya, ta rubuta 10. Malam kuma ya ba ta maki da jan biro. Na murza ido na sake dubawa. Na ce ta miƙo yatsunta mu ƙirga, sai ta ce, "Mama, ai wannan bes faif ne, ƙirgar biyar-biyar, lissafin zamani." Na ce zamanin gidanku! Ni da na gama firamare a hannun 'yan mishan, ban taɓa jin inda huɗu da ɗaya suka haifi goma ba.

Na tambaye ta bakwai sau takwas. Ta ɗaga kai tana kallon rufi kamar can aka rubuta. Yarinyar da za ta zauna jarrabawar shiga sakandare nan da 'yan watanni ke nan.

Laraba, 8 ga Oktoba

Baban Afiniki ya dawo daga reluwe, na gaya masa. Ya gwada ta da kansa, ta kasa. Ya ce in ta faɗi babu maimaita aji, Kwoi za ta tafi wurin yayarsa ta kama kankarar citta. Shi kuwa ba ya magana biyu.

Na san citta. Na kankare ta har yatsuna suka tsage kafin a kai ni makaranta. Ba raina noma nake ba, shi muke ci. Amma yarinyar nan nas take so ta zama, tun tana ƙarama take ɗaure wa kajina ƙafa da tsumma. Ba za ta faɗi ba. Na faɗa.

Talata, 14 ga Oktoba

Kai, yau na ga abin da ya fi ƙarfina!

Na dawo daga kasuwa na tarar saman kabad wayam. Saitin kwanukana masu jan fure, na aurena, waɗanda ko Fasto ya zo sai na yi tunani kafin in sauko da su. Babu! Na sa ihu ɓarayi. Maƙwabciyata Rahmatu ta fito ɗankwali a hannu, ita ma saitin kofunanta sun yi ƙafa. Muna cikin haka sai ga yara an taso su daga makaranta, jere kamar masu kai kayan amarya, kowa da kwanukan uwarsa a ka. Ɗan gidan mai gadin tasha har da rediyon ubansa, wai ai shi ma saiti ake ce masa.

Ashe malaminsu, wani Malam Wilfred, ya ce gobe kowa ya kawo saiti. Shi wai nufinsa tarin abu iri ɗaya, tsakuwa ko murafen kwalba. To wa ya gaya wa yara? A garin nan in ka ce saiti, kwano ka ce.

Murfin babban ya ɓantare a gefe. Ban doki Afiniki ba. Ba ita ce da laifi ba.

Alhamis, 16 ga Oktoba

Na je makarantar, murfin a hannuna. Malam Wilfred ɗin ma yaro ne, siriri, alli har a gira. Ya ba ni haƙuri, gaskiya ya ba ni. Amma da na ce a koya wa 'yata sau da rabawa, sai ya kama zana mini zobba a allo, wannan ya shiga cikin wancan. Har ya ɗaga wani gwangwani babu komai ciki, ya ce shi ma saiti ne, saitin da ba komai. Na ce, "Malam, a gidana kwanon da ba komai sunansa yunwa."

Yara suka fashe da dariya. Ya ce daga sama aka turo tsarin, ba shi ya ƙirƙira ba. Ya ce, "Mama, in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza."

Kiɗa ko? To. Ni zai gaya wa kiɗa.

Alhamis, 23 ga Oktoba

A taron Zumuntar Mata na tashi na zazzage cikina. Ashe kowa na da nata ciwon. Wata ta ce ta aiki ɗanta ya raba ƙosai tsakanin ƙannensa, ya zauna yana zana zobe a ƙasa har kare ya kwashe. Wata ta ce ita abin da ya fi ƙona mata rai, ba ta iya taimaka wa ɗanta, yana ganinta kamar jahila. Nan kowa ta gyaɗa kai, don dukanmu abin da ke cinmu ke nan.

Na ce mata, me muka iya wanda duk garin nan ba wanda ya fi mu? Mama Angelina, shugabarmu, ta ce waƙa mana. Na ce to mu sa sau a waƙa. Wa ya taɓa manta waƙar Zumunta? Nan take ta jawo tulun kiɗa tsakanin ƙafafunta ta buga, na bayar, "Biyu sau biyu!" mata suka amsa, "Huɗu ne, ya 'yan'uwa!" Mun yi dariya har da hawaye. Amma ya zauna daram.

Asabar, 1 ga Nuwamba

An fara. Yara sun cika bakin coci. Rahmatu ta turo nata, ta ce lissafi ba shi da addini.

Talata, 11 ga Nuwamba

Fasto ya kira mu. Wai dattawan ikilisiya sun ce muryar waƙar Ubangiji muke ɗora wa shida sau tara. Ni zuciyata ta riga ta hau, na buɗe baki, Mama Angelina ta taka mini ƙafa. Ta durƙusa ta ce, "Baba Fasto, da aka ƙidaya jama'ar Allah a jeji, da zobe aka ƙidaya su?" Ya juya baya yana tari, na ga kafaɗunsa suna rawa. Ya ce mu koma gindin mangwaro, kuma mu nemi muryar da ba ta sujada ba.

Mun ɗauko muryar waƙar niƙa ta tsofaffinmu. Ta ma fi daɗi.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Afiniki na wanke-wanke tana rera gidan tara. Ƙaninta Kumai da ko makaranta bai shiga ba yana amsa mata. Babansu ya tsaya a bakin ƙofa yana ji, daga baya ya ci tuwo ya ƙara.

Laraba, 14 ga Janairu, 1976

Matsala. Hedimasta ya shiga ajin su Afiniki ya jefa mata tambaya, takwas sau tara. Sai yarinya ta miƙe ta kama daga takwas sau ɗaya, tana rausaya, rabin aji na amsawa da tafi, "ya 'yan'uwa!" Ta kai ga amsar daidai, amma ya ce ɗakin jarrabawa ba gidan biki ba ne, duk wanda ya buɗe baki za a kore shi.

Ta dawo tana kuka. Na ce ta yi shiru. Ban yi tunanin wannan ba sam.

Asabar, 17 ga Janairu

Wa zan gani a gindin mangwaro? Malam Wilfred, da kekensa. Na ɗaure fuska, na ce yau kuma me za a kwasa mana? Ya ce ya zo ne ya ji. Ya tsaya aka rera har gidan goma sha biyu. Sannan ya roƙi Mama Angelina ta bar shi ya zama mai bayarwa. Bai bi layi ba, tsalle ya riƙa yi, daga shida sau bakwai ya faɗa tara sau huɗu, yara suna tuntuɓe suna tashi. Daga baya ya ce a rufe baki a rera a ciki, yatsa kawai ya motsa.

Muryarsa kamar ta agwagwa. Amma dabarar ta yi.

Da zai tafi ya ce mini shi ma ɗan kwas kawai aka yi musu a lokacin hutu, aka miƙa musu littafi, sai ya karanta yau ya koyar gobe. Ya ce mu riƙe waƙa, shi zai riƙe zobba, don duka biyun za su fito a jarrabawa. Na ce oho, kowa ya yi ta kansa.

Asabar, 27 ga Maris

Yau ce ranar jarrabawa. Na dafa mata kunun acca, na yi mata addu'a, na raka ta har bakin makaranta. Ƙafafuna suka ƙi komawa gida. Na iske mata a gindin mangwaro, ba wadda ta kira wata. Ba mu buga tulu ba, kada a ce mun aika amsa ta taga.

Ta fito tana murmushi. Na ce yaya? Ta ce, "Mama, yatsana ya yi rawa ya gaji." Sai ta ƙara da cewa tambayoyin zobba da bes ma sun fito da yawa, duk ta yi su. Na ce wannan kuma ba sai kin yi ta shela ba.

Juma'a, 23 ga Yuli

TA CI! Ta ci, ta ci, ta ci!

Hedimasta da kansa ya kira sunanta. Makarantar 'yan mata, ta kwana. Yaran gindin mangwaro da yawa sun samu, har da ɗan Rahmatu. Na yi guɗa tun daga makaranta har tashar jirgi, zanina na kwancewa ina ɗaurawa. Na iske Baban Afiniki cikin baƙin mai, na ce, "Maigida, a aika Kwoi a ce su nemi wata mai kankara!" Ya cire hula ya rufe fuska da ita. Abokan aikinsa suka ce hayaƙi ne ya shiga masa ido. Hayaƙi ne mana.

Da yamma mata suka cika gidan da tulu da caki. Mun rera gidan bakwai har masu wucewa suna amsawa. Ashe mu ma ba jahilai ba ne!

Lahadi, 25 ga Yuli

Na fita godiya a coci, Afiniki a gefena. Na shirya maganata tun a gida: Ubangiji, Baba Fasto, Mama Angelina, matan Zumunta, maigidana. Shi ke nan. Zan nuna wa kowa waƙarmu ce ta yi aikin.

Na faɗe su duka, ana ta amin. Ina shirin zama sai na hango mai zobban nan can benci na baya, ya sunkuyar da kai yana wasa da hularsa. Afiniki ta matse mini hannu.

Ban san yadda aka yi ba. Sai na ji bakina ya ce, "Da ɗana Malam Wilfred."

Ɗana kuma! A gaban ikilisiya duka. Mama Angelina ta rangaɗa guɗa, yanzu ba halin janyewa.

Suɓutar baki ce kawai. Na ce wa Afiniki ta gaya masa ya biyo gida cin abinci gobe, don yaron ya rame da yawa.