Littafin Ƙaiƙayin Tsuntsuwa

Zuwa ga Yayata abar ƙaunata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kuna lafiya, ke da maigida da yara. Ya ƙafar taki? Na san ba kya shan maganin, kada ma ki rantse.

Kin tambayi jikin 'yarki Tsuntsuwa. Me zan ce miki, Yaya? Shekararta bakwai, shida a ciki da susa ta yi su. Bayan gwiwa, lanƙwasar hannu, wuya, duk sun farfashe sun yi kaushi. Na yanke mata farce har tsoka, sai ta koma goga jiki da bakin gado. Zanin gadonta kullum sai na jiƙa shi saboda jini. A makaranta babu mai zama benci ɗaya da ita, wai ƙazuwa ce, alhali likitoci sun ce ba a ɗauka. Ni kuwa a shagon ɗinki, sau biyu ina haɗa hannun riga a baibai don gyangyaɗi.

Amma wata ƙofa ta buɗe. Babban asibiti suna gwajin wata sabuwar allura, kuma sun ɗauke ta. Rabin yaran allurar gaske ake yi musu, rabin kuwa ruwa ne kawai, ko likitar ba ta san wa ke samun wanne ba. An ba ni ɗan littafi, kullum in rubuta ƙarfin ƙaiƙayin daga ɗaya zuwa goma. Likitar ta ce fata dai suna gani da idonsu, amma ƙaiƙayi sai mai jiki. Likitar yarinya ce ƙarama, ga fara'a kamar ta goya mu.

Ki taya mu da addu'a. A gaida kowa.

Ƙanwarki,
Uwar Surutu

*

Yayata,

Ina gaishe ki, ina gaida mutanen gida. Man shafawar da kika aiko ya iso, Allah ya bar zumunci.

Yaya, na tafka wauta. Jiya muka cika wata huɗu, likitar ta tarbe mu da murna, wai lambarmu ta sauko daga tara zuwa uku. Ashe akwai ƙa'ida: duk yaron da bai samu sauƙi ba a wata huɗu, za a mayar da shi kan allurar gaske. Wanda ya samu sauƙi kuwa, ya ci gaba da abin da ake yi masa. An faɗa mana tun ranar farko, yana cikin takardar da na sa wa hannu. Ni a lokacin hankalina na kan hannuwan Tsuntsuwa da na danne kada ta yage wuyanta a gaban mutane.

Lambobin nan ƙarya ne. Tara ne, kullum tara, wata rana ma goma. Satin farko na rubuta gaskiya, sai na ga shafi ya cika da tara, na ji kamar ina kai ƙarar Ubangiji. Kin san gidanmu. Inna tana kwance rai a hannun Allah, aka ce ya jiki, ta ce da sauƙi. Ran da na rubuta bakwai, likitar har tafi ta yi, wa zai iya ɓata wa wannan fuskar? Ga tsoron kada su ga abin ba ya aiki su sallame mu. Sai na riƙa ragewa kaɗan-kaɗan, kamar mai rage tsawon riga. Ranar asibiti kuma in mulke ta da mai har ta yi sheƙi, don kada a ce uwarta ba ta kula.

Wata huɗu cur watakila ruwa ake ɗura wa 'yata, kuma da hannuna na rubuta a ci gaba. Babanta bai sani ba. Ban iya cin abinci. Ki gaya mini yadda zan yi.

Ƙanwarki

*

Yaya,

Gaisuwa da fatan kuna lafiya. Wasiƙarki ta iso, faɗan ma na karɓa, na cancanta.

Na yi yadda kika ce. Na je na zayyana wa likitar komai, ina kuka kamar ba uwa ba. Ba ta yi mini faɗa ba, da ma ta yi, da ya fi mini sauƙi. Ta ce littafin ya riga ya ɓaci, kuma manyanta na iya cire mu daga gwajin gaba ɗaya. Hanya ɗaya ta rage: a ji daga bakin mai jiki, ta rubuta, ta kai musu.

Sai ta durƙusa gaban Tsuntsuwa, biro a hannu, ta tambaye ta ya ƙaiƙayin. Yaya, ga jini a wuyan rigar Tsuntsuwa, sabo. Yarinyar nan ta dube ni, ta ɓoye hannuwa a baya, ta ce, “Da sauƙi, likita. Alhamdu lillahi.” Sau uku ana tambayarta, sau uku tana maimaitawa. Likitar ta ce ba za ta iya rubuta abin da ba a faɗa mata ba, mu dawo ran Alhamis, shi ne zama na ƙarshe.

A hanya na lallashi Tsuntsuwa, na yi faɗa, na roƙe ta. Ta ce, “Umma, ai ke kika ce yaran kirki ba sa ƙorafi.”

Don girman Allah ki zo, ko da ƙafar na ciwo, tana jin maganarki. Kwana uku gare ni in koya mata ta buɗe baki ta ce tana shan wuya, ni kuwa shekara talatin da biyar ban iya ba.

Ina zuba ido.

Ƙanwarki