Kajin Bature Gara Nake Ba Su

Wata mai karatu daga ƙasar Wurno ce ta aiko da wannan takarda, ta roƙi a sakaya sunanta.

Assalamu alaikum jama'a masu karatu. Don Allah ku ba ni shawara, kuma in kun ga rubutu ya karkace ku yi haƙuri, da furfura a kaina na koyi boko a ajin manya. Ni bazawara ce, na wuce shekarun kulle, ina zaune a wani ƙauye tsakanin Wurno da Kwargaba, kuma tun ina budurwa nake kiwon kaji. Ina da ƙane guda, autanmu, ni na goya shi bayan rasuwar innarmu, ni na yi ta kuka ranar da aka ɗauke shi makarantar boko kamar an kai shi lahira. To ga shi Allah ya yi, bara hukumar En'e ta ɗauke shi malamin gona, amma na gwaji, an ce sai Baturen gona ya ga aikinsa kafin a tabbatar da shi.

Aikin farko da aka ba shi shi ne na kaji. Aka kawo jajayen kaji daga Sakkwato, manya, masu tafiya kamar matan attajirai, aka ce a ba mutum guda a kowace gunduma ya riƙe don jama'a su gani su koya. Ƙanena bai yi shawara da kowa ba ya rubuta sunana. Ya kawo mini shida da zakara, da buhu biyu na abincinsu, ya ce kada in ba su komai sai wannan. Da na kwance bakin buhu wani ƙarni ya buge ni, na tambaye shi abin da ke ciki, ya ce garin dawa ne da tunkuzar gyaɗa da garin ƙashi da busasshen jinin mahauta. Na ce jini? Ya ce Bature ya ce shi ke sa ƙwai. Ban tsaya nan ba, na je na tambayi limaminmu, ya ce ba zai ce mini haram ba, tunda kaza ce ke ci ba ni ba. Na yarda da malam, amma zuciyata ba ta yarda ba, kuma ba jinin ne ya fi ci mini rai ba. Fiye da rabin buhun nan dawa ce, dawa mai kyau wadda za a tuƙa tuwo da ita.

Na ba su kwana goma don kada a ce ban gwada ba. Sun ci, ba zan yi wa buhu ƙage ba, sun kuma fara ƙwai. Amma kullum na ɗebo in zuba sai in tuna watan da muke ciki, damina ta kankama, rumbuna sun yi ƙasa, mata na ƙara ruwa a kunu. Ran na sha ɗaya na ɗaure bakin buhu na tura shi ƙuryar ɗaki, na ɗauko tsohuwar tukunyata. Ga wanda bai sani ba, ga yadda muke yi tun kakanni. A samu fasasshiyar tukunya a cika da busasshen kashin shanu da guntayen kara da tsumma, a yayyafa ruwa, a je a kife ta a bakin suri da yamma a rufe da ganye. Da safe kafin rana ta yi zafi a je a ɗauko, za a tarar gara ta cika ta maƙil. A juye wa kaji, a bi su da dusar gero da aka dama da ruwa, sauran su tona da kansu. Babu ƙwayar hatsi ko ɗaya da za ta fita daga bakin yaro.

Jama'a, kajin Bature da suka ga gara sai da suka manta asalinsu. Suka yi ta wawaso har da faɗa, ƙwai kuwa bai ragu ba, in ma ba ƙaruwa ya yi ba. Ƙanena kan zo ran Juma'a ya ƙirga ƙwai ya rubuta a littafinsa yana murna, ni kuwa in yi shiru. Nan ne laifina, na sani, ba sai kun faɗa mini ba. Wata biyu yana aika takarda Sakkwato cewa buhu ya yi aiki, buhu kuwa na ƙuryar ɗaki har gara ta fara shigarsa, na ce to, ko ta nan ma dai gara za su ci.

Makon jiya ya zo da sassafe ba ranar zuwansa ba, ya same ni da tukunya a ka ina dawowa daga suri. Ya dubi tukunya, ya dubi kaji sun yo kaina a guje, ya ce, "Yaya, mi na na?" Na ce, "Abin da kag gani." Muka yi ta, ya ce na kashe shi, na ce ban kashe kowa ba, kaji na ciyar. Ya ce ilimi ne ya zo ina ja da shi, na ce ilimin da zai ɗebe tuwo daga gaban yaro ya kai akurki ya koma inda ya fito. Ya ce na sa ya rubuta ƙarya da hannunsa. Sannan ya faɗa mini abin da ya kawo shi. Baturen gona zai zo rangadi, zai bi ta Rabah ya sauka Wurno ya wuce Goronyo, kuma za a tara jama'a a ƙofar hakimi, maza da tsofaffin mata, a fito da kajina, a tsayar da ni in faɗi da bakina abin da nake ba su, don kowa ya je gida ya haɗa irinsa da dawarsa.

Kafin in gama haɗiye wannan, labari ya bazu. Shekaranjiya maƙwabciyata ta shigo, mace mai 'ya'ya biyar, mijinta ya tafi cin rani bai dawo ba har yau. Ta ce, "Inna, mudu nawa na dawa aka zubawa? In haka ƙwai ka zuwa, ni ma ɗiba za ni yi ga rumbu." Na san abin da ya rage a rumbun nan nata, ba zai kai su kaka ba ko babu kaza. Na ja ta na nuna mata tukunya, na ce ta riƙe a cikinta. To ita guda ce, ranar taro fa? Mata daga Dinawa har Rimawa za su ji cewa tsohuwar nan da ta san kaji ta ce dawa, kuma ni za su yarda da ni fiye da Bature.

Jiya ƙanena ya dawo a sanyaye, da sabon zane a hannu wai in ɗaura ranar. Bai yi faɗa ba, da ma ya yi. Ya ce, "Yaya, ban ce ki rantse ba. Ki ce buhu kawai, kalma guda. In anka kore ni, ina za ni?" Wallahi sai da na juya baya don kada ya ga idona. Matarsa na da tsohon ciki, kuma duk zuriyarmu shi kaɗai ya taɓa cin albashi.

Amma ku ji ni da kyau, ba zan ce buhu ba. Ko hakimi ne ya zare mini ido, ko Baturen da kansa, ranar wanka ba a ɓoyon cibi. Gara zan ce, kuma zan je da tukunyata a ka. Ba wannan nake neman shawara a kai ba, na gama da shi.

Abin da ya hana ni sukuni shi ne, Baturen nan sabon zuwa ne, an ce Hausarsa ba ta wuce sannu da aiki ba, kuma ƙanena ne zai yi tafinta. Ni zan faɗi tawa da Hausa, jama'a su ji. Shi zai juya ga Bature. In ya juya ta yadda take, ya kori kansa da bakinsa. In ya canza ta, ya yi ƙarya a gaban hakimi da liman da ni da na yi masa tarbiyya, kuma kowa zai gane daga fuskar Bature in ya yi murmushi. Shin in kira shi tun yau in ce ya tari Baturen da gaskiya tun a Rabah, ko a yi masa sassauci? Ko in yi shiru in bar shi ya zaɓa a tsakiyar fili? Don Allah ku ba ni shawara da wuri, saura kwana tara. Yaron da ban taɓa bari ya kwana da yunwa ba, ga shi ni zan tsaya a gaban mutane in fasa masa tukunyar abinci.